Sunanta a Takardar Fansho

Saura kwana huɗu a ɗaura auren Zuwaira da Buba, sai mamaci ya aiko da takarda.

Ranar Litinin ce bayan Azahar, a gidansu da ke Yako. Zuwaira tana tsakar gida tana surfe, mahaifiyarta Inna Turai tana gefe tana tsintar wake, sai ga Baffa Sale ya faɗo ko sallamar kirki bai ƙarasa ba. Ƙanen mahaifin Zuwaira ne, shi ne waliyyinta tun da uban ya rasu. Kowa a Yako ya san Baffa Sale ba ya sauri, ko ruwa ake tsugawa tafiyarsa ɗaya ce. Amma ranar har haki yake yi.

"Yaya Turai, aje waken nan. Ke ma Zuwaira aje taɓaryar. Arziki ya biyo mu har gida."

"Lafiya dai, Sale?"

"Lafiya lau, har da ƙari. Daga Tudun Wada nake. Kuɗin sallamar marigayi Malam Shitu sun fito, garatuti da abin da ya samu na fansho. An buɗe fayil za a raba wa magada, sai ga sunan 'yarki ɓaro-ɓaro a gurbin mata."

Taɓaryar ta suɓuce daga hannun Zuwaira, ta daki bakin turmi.

Inna Turai ta ce, "Wace irin mata kuma? Mutumin da ya sake ta tun farkon damina? A ɗakin nan ta yi iddarta, a gabana ta yi wanka. Sai bayan nan Allah ya yi masa cikawa."

Baffa Sale ya zaro takardar daga aljihu ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, duk da shi da boko sai kallo.

"To ki saurara. Akawu ya karanta mini har sau biyu. Ranar da Malam Shitu ya cika takardar nan, saura mako guda iddarta ta ƙare. Da hannunsa ya rubuta Zuwaira a matsayin matarsa. Mutum ya kira wadda ya saka matarsa tana cikin idda, me ya yi in ba kome ba? Ya mai da ita! In kuwa ya mai da ita, da aurensa a kanta ya mutu, tana da tumuni. Naira dubu uku da ɗoriya, Yaya Turai. Kin taɓa ganinsu wuri ɗaya?"

"Auren Juma'a fa?"

"Aure ai ba ya ruɓewa. Ta ƙarasa takaba tukuna. Buba ɗan Fulani in zai jira ya jira, in ba zai jira ba ga Alhaji Ɗantani na Ƙofa can, har gobe yana aiko mini da goro a kanta."

Ya juyo wajen Zuwaira, ya sassauta murya.

"'Yan'uwan marigayi sun ce ba su yarda ba, wai sabo ne ya sa ya rubuta sunanki. Liman Jibrin ya ce babu mai raba gardamar nan sai ke. Jibi Laraba za a zauna a zaurensa. Magana ɗaya za ki faɗa, ki ce ya zo ya ce ya mai da ke. Ko bai zo ba, wa ya gani? Shi dai ba zai taso ya ƙaryata ki ba."

Zuwaira ta sunkuya ta ɗauki taɓaryar, ta ci gaba da surfe da ƙarfi. Baffa Sale ya ɗauka murna ce.

*

Shekara tara Zuwaira ta yi a gidan Malam Shitu, malamin dabbobi na gwamnati a Tudun Wada. Kada a ɗauki alhakinsa, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma kuma bai taɓa tambayarta yadda ta kwana ba da niyyar jin amsa. Ya girme ta da shekara ashirin da wani abu, yana da 'ya'ya uku manya daga matarsa ta fari da ta rasu, ita kuwa Allah bai ba ta ko ɓari ba. Shanun ƙasar nan sun fi ta sanin muryarsa. Rigunansa, shimfiɗarsa, har mazubin ruwansa, duk warin maganin kaska suke yi.

Sakin ma a kan kula aka yi shi. Akwai wata kular gwamnati da yake ajiye allurar rigakafin shanu cikin ƙanƙara. Wata rana ana zafi kamar a yi kuka, Zuwaira ta kwashe 'yan kwalaben ta jera su a inuwa, ta saka furarsa a ciki don ya dawo ya sha da sanyi. Fura ta yi sanyi, allurar garke biyar ta lalace. Bai yi faɗa ba. Ya shanye furar tas, ya ɗauko katin rigakafi, ya juya bayansa ya rubuta saki ɗaya.

Ta yi kuka a mota har Yako. Amma da mako ya zagayo sai ta lura tana cinye tuwonta har tana neman ƙari.

Shi kuwa Buba, ɗan Fulanin rugar bayan gari ne, suna noma suna kiwo. Bayan ta yi wankan idda ya ce ita yake so, ita ma ba ta iya ɓoye nata ba. Wata biyu ya yi yana fama da mahaifinsa, domin tsohon ya ce bai ga dalilin da ɗansa zai tsallake 'yan matan ruga ya ɗauko Bahaushiya, bazawara, wadda ta shekara tara babu haihuwa ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin a ɗaura Juma'ar nan, saboda Asabar garke zai tashi cin rani wajen Doguwa.

To ga abin da Baffa Sale bai sani ba, Inna ba ta sani ba, Buba ma bai sani ba. Ƙaryar da ake so Zuwaira ta yi ba ƙarya ba ce.

Ya zo.

Saura kwana shida ta fita idda, ta je gonar Inna ta bakin hanya tsinkar kuɓewa. Rana tsaka, babu kowa, sai ta ji ƙarar babur ɗin nan mai fasasshiyar salansa, wanda ko cikin barci ta san shi. Ya tsaya a bakin gona, ko kashe injin bai yi ba. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa.

"Zuwaira."

Ta durƙusa, don sabo. "Ina wuni, Malam."

"Na aje aiki. Zan shiga Kano bin takardun sallamata. Na mai da ke. In kuɗin sun fito zan aiko a ɗauke ki."

Ya sunkuyar da kai yana kallon kan babur. Can ya ce, "Furar nan ta yi daɗi." Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce wa zuciyarta ƙarar injin ta yi yawa, ba ta ji sosai ba. Ta ce ai babu shaida. Kwana shida suka cika ta yi wanka, mata suka yi mata barka, ta amsa. Shi kuwa can a Kano, yana zarya tsakanin ofisoshi, ciwon da yake ɓoyewa ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba. Da labarin ya iso ta yi kuka, kuka na gaske, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani sauƙi da ta ji, wanda har yau take kunyar Allah a kansa.

Tun daga ranar, kullum rana ta take tsaka sai ta ji babur ɗin. Ya taho ta hanyar Kiru, ya tsaya a bayan danga, injin yana bugawa. In ta leƙa babu kowa sai awaki. Wani lokacin ta ɗauko mayafin da ta wanke da hannunta, ta ji warin maganin kaska a jikinsa.

*

Talata da hantsi ya yi nisa, Buba ya yi sallama a zaure. Ba lokacin zance ba ne, kuma Zuwaira ta san abin da ya kawo shi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna daga bakin ƙofa.

"An ce takarda ta zo," in ji shi.

"Ta zo."

"Ni ban zo tambayarki ba, na san amsar. Na san halin Baffa Sale, ko kara aka ce akwai kwabo a ƙarƙashinsa sai ya ɗaga. Gobe ki ɗora hannu a kan Alƙur'ani ki ce bai mai da ke ba, shi ke nan magana ta mutu."

Ta ƙura wa tabarmar ido. "In da a ce ya mai da ni fa, Buba?"

Ya yi dariya har sandarsa ta zame daga kafaɗa. "Ai da kin faɗa mini tuntuni. Ke da ba ki iya ɓoye komai ba? Ranar da na kawo miki zobe, kin ce ya yi kyau, idonki yana cewa ya yi miki kaɗan."

Dariyar nan ta fi mari zafi. Hawaye ya ɓalle mata.

"Subhanallahi, me na ce kuma?"

"Ba ka ce komai ba."

Ya gyara zama, fuskarsa ta sauya. "Bari in gaya miki, don kada ki ji a bakin wani. Tsoho ya kira ni da safe. Ya ce in kika buɗe baki kika ce kina da rabo a kuɗin mamaci, kada in ƙara ambaton sunanki a rugarsa. Ya ce mu ba ma auren macen da za ta sayar da sakinta. Na ce masa ba ka san Zuwaira ba ne. Na rantse masa a kanki."

"Ka rantse?"

"Na rantse mana. A kan wa zan rantse in ba ke ba?"

Ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. "Wayyo Allah, Buba. Me ya sa ka yarda da ni haka? Me ka gani? Ni ba yarinya ba ce, ban haihu ba, ba ni da komai."

"Ni ban iya maganar 'yan birni ba," ya ce a hankali. "Abin da na sani, tun da na gan ki, in na fita kiwo sai in tarar na kora shanu ta bayan gidanku, alhali babu ciyawa a nan. Har shanun sun gane. Ki daina kuka, don Allah. Kwana uku ne ya rage."

Ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe baki za ta faɗa masa, maganar tana kan harshenta. Sai ta ji shi. Daga hanyar Kiru ya taho, fat-fat-fat, ya tsaya daidai bayan zauren.

Ta dafe ƙirji. "Ka ji?"

"Me?"

"Babur."

Buba ya kasa kunne, ya leƙa waje, ya dawo. "Babu komai sai kurciya a kan tsamiya. Zuwaira, anya kina barci kuwa?"

Ta ce tana yi.

*

Laraba da safe tana ɗaura ɗankwali, Inna Turai ta shigo ta saki labule.

"Ni na haife ki," in ji Inna. "Wata uku ke nan ina kallonki. Tun ranar da kika dawo daga gona da kwandon kuɓewa rabi, duk tsakar rana sai kin leƙa danga."

"Inna..."

"Kul! Ban tambaye ki ba, kuma kada ki faɗa mini. In ma akwai wani abu, ki bar shi a cikinki. Shekara tara kika yi kina magana da bango. Yanzu Allah ya kawo wanda in kin yi tari yake juyowa. Ki je ki ce bai mai da ke ba, ki shiga ɗakinki. Allah mai gafara ne."

Haka ta fita, baffa yana so ta yi ƙaryar da take gaskiya, uwa tana so ta faɗi gaskiyar da take ƙarya.

Zauren Liman Jibrin ya cika. Ga Baffa Sale ya sha sabuwar hula. Ga Hamidu, ƙanen marigayi, ya zo daga Tudun Wada a madadin 'ya'yan, fuska a murtuke. Buba yana can ƙarshe kusa da ƙofa, sanda a gwiwa. Zuwaira ta durƙusa gefe, Inna a bayanta.

Liman ya sa aka karanta takardar, sannan ya dube ta.

"'Yata, kafin ki yi magana, sai na gaya miki nauyin abin. Takardar nan ita kaɗai ba ta isa ba, bakinki ne zai cika ta ko ya rushe ta. In bai mai da ke ba, ba ki da ko kwabo a kuɗin nan, kuma jibi ni zan ɗaura aurenki da bakina. In ya mai da ke, to matarsa ce ke, kina da tumuni, kuma yanzu haka cikin takaba kike. Yau kwana arba'in da uku da rasuwarsa, sai kin cika ɗari da talatin."

Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Sannan ki sani, macen da aka ɗaura wa aure cikin takaba har ta tare, ita da mijin nan sun haramta ga juna har abada. Ko bayan shekara talatin gaskiya ta fito, ko da 'ya'ya goma, raba su za a yi, kuma babu gyara."

Wannan ne Zuwaira ba ta taɓa sani ba. Ta ɗauka zunubi ne da za ta ɗauka ita kaɗai, ta yi ta istigfari har ta mutu. Ashe Buba za ta ja cikin ramin. Ta ɗago ido ta dube shi. Ya ɗan gyaɗa mata kai, irin na kada ki ji tsoro.

Liman ya tura mata Alƙur'ani a kan buzu. Ba ta taɓa shi ba.

"Allah gafarta Malam, ba sai na rantse ba." Ta ɗaga murya. "Ya mai da ni."

"Alhamdulillahi!" in ji Baffa Sale.

Inna ta ce, "Innalillahi," a hankali.

Hamidu ya zabura. "Ƙarya ne! An kitsa mata! A ina? Yaushe? Wa ya gani?"

"A gonar Inna ta bakin hanya, saura kwana shida in fita. Babu wanda ya gani sai Allah. Yana kan babur, bai kashe ba. Ya ce zai shiga Kano, in kuɗi sun fito zai aiko a ɗauke ni." Hawaye yana zuba ba ta share ba. "Da zai tafi ya ce furar nan ta yi daɗi."

Hamidu ya tsaya da baki buɗe. Sannu a hankali ya koma ya zauna.

"Ni na yi jinyarsa," ya ce, muryarsa ta canza. "Kullum sai ya ce a nemo masa fura mai sanyi. In an kawo ya kurɓa sau ɗaya, ya ture, ya ce ba ita ba ce. Mun ɗauka zafin ciwo ne." Ya share ido da bakin riga. "Malam, na janye. A ba ta haƙƙinta."

"Ba na so," in ji Zuwaira. "A ba 'ya'yansa. Ba don kuɗi na faɗa ba."

Baffa Sale ya dafe sabuwar hularsa kamar za ta tashi. "Ke! Kina da hankali kuwa?"

Liman ya ɗaga masa hannu. "Haƙƙinta ne, Sale. In ya shiga hannunta, ta yi yadda ta so da shi. Abin da ya rage, daga yau har ta fita, babu namijin da ya halatta ya yi mata maganar aure. Kowa ya ji."

Sai a lokacin ta iya juyawa wajen ƙofa. Buba ya riga ya miƙe. Bai yi faɗa ba, bai tambaye ta me ya sa ta bar shi ya rantse wa mahaifinsa a kan abin da ba haka ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya dube ta sau ɗaya, ya saɓa sandarsa, ya sa takalmi ya fita.

Fulaku ne, kunyar nan ta Fulani, ko bin maganar Liman ne, ko kuwa ya gama da ita ke nan? Babu halin tambaya.

*

Juma'a ta zo ta wuce kamar kowace Juma'a. Goron ɗaurin aure yana cikin algarara a ɗakin Inna, babu wanda ya kwance shi. Baffa Sale ya ɗauke ƙafa daga gidan.

Zuwaira ta cire 'yan kunne, ta bar kwalli, ta cire zoben nan da ya yi mata kaɗan ta ƙulle a bakin zane. Ta ɗebo wake ta ƙirga kwanakin da suka rage ta zuba a gwangwani, kullum ta cire ɗaya. Ranar Asabar da safe ta sake ƙirgawa, saura tamanin da huɗu.

Da hantsi ta ji garken yana wucewa ta bayan gari, kukan maruƙa da kiran makiyaya, suna yin kudu. Ta zauna a bakin gado har ƙarar ta ɓace. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar saki.

Rana ta kusa tsaka, ta ji sallama a ƙofar gida. Ta san muryar. Ta miƙe, ta tuna halin da take ciki, ta koma ta tsaya a bayan labule.

Inna Turai ce ta fita.

"Inna, ina kwana. Wata alfarma na zo nema," in ji Buba. "Karsanar nan ƙafarta ba za ta kai Doguwa ba. Ko za a riƙe mini ita?"

Ta kafar labule Zuwaira ta hango karsanar, fara sol, tana tsaye a kan ƙafafunta huɗu, lafiyarta ƙalau har tana harbin iska. Inna ta dubi ƙafar, ta dubi Buba.

"Mahaifinka ya sani?"

"Tsoho ya ƙirga shanunsa sun cika. Wannan tawa ce."

"To har yaushe za a riƙe ta?"

Bai kalli ɗakin ba. Ya sunkuya yana ɗaure igiyar a turke, ya ƙulla, ya sake ƙullawa.

"Kwana tamanin da huɗu," ya ce.

Ya yi wa Inna sallama, ya bi sawun garke da sauri.

Zuwaira ta daɗe a tsaye da gwangwanin wake a hannu. Rana ta take tsaka. Don sabo ta kasa kunne wajen danga, ta jira, ta ƙara jira. Babu babur. Sai karsanar da ke jan igiya tana kuka, ta miƙa wuya wajen kudu.

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta kai mata, ta dafa wuyanta.

"Yi haƙuri," ta ce. "Tare za mu ƙirga."